Yadda Mutanen Yalwa Suke Zama da Bazara

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, zumunci ya kai ni Yalwa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano. Daga titin Zariya muka karya ta Karfi, muka ratsa Bunkure da gonakin noman rani masu shan ruwan Tiga, har duwatsun Rano suka fara bayyana. Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita da maƙwabciyarta Kibiya ƙasar manoma ce. Ranar da ke gasa mu a birni ita ce dai take gasa su. Amma na tarar da mutanen da suka tsara yininsu da ɗakinsu da ruwan shansu daidai da halin bazara, abin ya ba ni sha'awa ƙwarai.

Da an idar da sallar asuba gari ya watse. Masu kai taki sun ɗaure amalanke, masu sharar gona sun saɓa kayan aiki, mata sun hura wuta tun iska na da sanyi. Kafin rana ta take, kowa ya dawo. Daga nan har la'asar, aiki ya koma gindin darbejiya da mangwaro: wannan na tufkar igiya, wancan na gyaran ƙotar fartanya. Da na tashi zan zaga gari bayan azahar, mai masaukina ya ce, "Malam, zauna. Ba a jayayya da ranar bazara. Da sassafe ake kama fara."

Ɗakin da aka sauke ni na ƙasa ne, mai kaurin bango da rufin soro. Irin wannan bango a hankali yake ɗaukar zafi, shi ya sa da tsakar rana cikinsa ya fi waje daɗi. Da dare kuwa, sa'ad da ya fara sakin zafin da ya sha, sai a fito tsakar gida da tabarma da gidan sauro. Ba sa yarda yara su cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa, domin manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta yi ɓarna a Kano da sauran jihohin Arewa.

Abin da na fi tsayawa kallo shi ne randar uwargidan mai masaukina. Tana inuwa, gindinta a binne cikin jiƙaƙƙen yashi, bakinta rufe da faifai, da moɗa a kife. Jikinta kullum a jiƙe yake, domin ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, busasshiyar iska na kwashe shi tare da zafin. Wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya faɗaɗa: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye ba wutar lantarki. Ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Uwargida ba ta bari na jima ba kwano a gabana, yanzu farau-farau, anjima kunun tsamiya ko fura da nono. "Ɗana," in ji ta, "kada ka jira sai ƙishi ya kira ka. In ka ga fitsarinka ya yi duhu, jikinka ne ke roƙon ruwa."

Wata rana wani saurayi ya dawo daga kasuwa a kan keke, ya sauka yana layi, zufa sharkaf, yana kukan ciwon kai. Ba wanda ya rikice. Aka kwantar da shi a zaure, aka sassauta masa riga, wani ya jiƙa zane ya shafa masa a wuya da hammata, wani na fifita. Yayarsa ta haɗa ruwan gishiri da sukari: tsabtataccen ruwa lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan har ya dawo hayyacinsa. Wata ma'aikaciyar lafiya a unguwar ta bayyana mini iyakar maganin gida. Idan mutum ya fara sambatu, ko ya suma, ko jikinsa ya yi zafi rau, a ci gaba da jiƙa shi a garzaya da shi asibiti, kuma kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ta ce a fi sa ido kan tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon suga da jarirai. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono za a ƙara masa, ba ruwa ba.

Zafin bazara ba abin wasa ba ne. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, tsofaffi ne da yawansu.

Mu a birni mun sare bishiyoyi mun shimfiɗa siminti, mun yi rufin kwano ba sili, muna kuma tura leburori da yara 'yan talla cikin tsakar rana. Abin da Yalwa take yi bai fi ƙarfinmu ba. Mu dasa darbejiya a ƙofar gida da makaranta, mu ajiye randa a bakin hanya don mai wucewa, mu matsar da aiki mai nauyi zuwa safiya, mu riƙa leƙa tsohon da ke zaune shi kaɗai a maƙwabta. Allah Ya saka wa mutanen Yalwa da alheri, Ya kai mu damina lafiya.