Kurtun Tawada

'Ya'yana, ku da kuka tashi da biro a aljihu, ku saurara in gaya muku abin da ke cikin kurtun tawada tun masu iya haɗa ta ba su ƙare ba.

Tawadarmu iri biyu ce, kuma malami ba ya gwama su. Ta allo da zuge ake yin ta, gawayin itacen aduwa, ko kuwa baƙin gindin tukunya. A niƙa ya yi luƙui, a zuba jiƙaƙƙen ƙaro, a tace da tsumma. Gwanintar duk a wajen ƙaron take. In ya yi yawa sai ta yi danƙo, alƙalami ya ƙi tafiya; in ya gaza, rubutu na bushewa ya kakkaɓe. Da gangan aka yi ta mai wankuwa, don almajiri in ya haddace ya wanke allo a ƙara masa gaba. Ta takarda kuwa yambari ce, 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, wadda ke kama takarda ta zauna. Ku shiga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato ku ga littattafan rubutun hannu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, Nana Asma'u a 1864, Allah Ya jiƙansu, amma abin da aka kwafa na ayyukansu har yau ana karantawa.

Mutanen Sin sun fi mu tattalin kayan nan, kuma abin na damuna. Su a kan dutse suke goga sandar tawada da ɗigon ruwa. Tun zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, ake haƙo dutsen Duan a lardin Guangdong, a sassaƙa masa gurbin ruwa, a ƙawata shi da zanen gajimare ko furanni. Sun lasafta shi cikin taskoki huɗu na ɗakin karatu, ɗa kuma yakan gaje shi daga uba.

Namu ɗan duma ne, wani lokaci baduku ya sa masa rigar fata da igiyar ratayewa. Ina laifinsa? Yanzu sai ka tarar da tawadar rubuta Alƙur'ani a tsohuwar robar magani, kurtun kaka na can zaure cikin tarkace.

Ku ɗauko shi ku wanke. Ku je wurin tsohon malamin unguwarku da ɗan goronku, ya nuna muku awon ƙaro da yadda ake fere alƙalamin gamba a tsaga bakinsa, ku haɗa a gabansa ya gyara muku.