Ranar da Na Hau Jirgi Ba Don Zuwa Ko'ina Ba

Wani dare muna tsakiyar karatun jarrabawa aka ɗauke wuta. Abokin ɗakina ya ajiye takarda, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kalli inda masu kuɗi ke kai gajiyarsu." Bidiyon wani jirgin ruwa ne mai bene a kogin Nilu, yana tafiya a hankali tsakanin Luksor da Aswan a ƙasar Masar. Mutane na kwance a sama suna kurɓar shayi, kwana 3 ko 4 ba su da aikin yi sai kallon gaɓa. Ya ce wallahi da ya gama diflomar nan, can za shi. Na yi dariya, amma ba har zuci ba.

Ni ɗan ƙasar Goronyo ne, a bakin gulbin Rima na tashi. A wurinmu ba a hawa jirgi don nishaɗi. Ana hawa ne don a kai albasa kasuwa, ko a haye zuwa fadama, ko a kai mara lafiya asibiti. Mutum, buhu, akuya da babur duk a jirgi guda, ruwa na lasar bakin katako, kowa na salati. Tun ina yaro na ga ambaliyar 2010 ta ci gidaje da gonaki. A watan Agusta na 2025 kuma wani jirgi ɗauke da mutane sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Tun daga ranar na daina hawa, ko da zagayen zai ci mini kuɗin kabu-kabu ninki biyu.

Da aka yi hutu na koma gida da nauyin furojet a kaina, ga tunanin me zan yi bayan makaranta. Barci ya ƙi. Wata la'asar na sami kawuna, wanda sana'arsa fito ce, yana kwashe ruwa daga jirginsa. Na ce, "Kawu, ka zaga da ni mana."

"Ina za ka?"

"Ba ko'ina."

Ya dube ni da kyau. "Kai ɗan boko, mi kaka nema cikin ruwa in ba ƙetarewa za ka yi ba?" Duk da haka ya miƙo mini rigar kariya guda ɗaya da yake da ita, ya ce in hau.

Mu biyu ne kacal. Babu buhu, babu inji, sai ƙarar gora tana shiga ruwa tana fita. Da farko na riƙe katako gam, gwiwoyina na rawa. Can sai na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba a shekara 22: balbelu suna komawa makwanci a jere, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, masunta na jan koma, ƙamshin albasa na tasowa daga fadama. Kawu ya nuna mini wajen madatsar ruwa, wadda aka kammala a 1984, ya ce, "Ruwan ga da kaka gani, shi kuka sha Sakkwato." Ban san lokacin da na saki katakon ba. Daren nan na yi barci har aka kusa rasa ni a sallar asuba.

Da na dawo na ce wa abokina ruwan Nilu bai fi namu ruwa ba. Abin da mutanen bidiyon nan suka saya shi ne jirgin da ba a cika shi fiye da ƙima ba, da rigar kariya ga kowa, da rashin gaggawa. Biyun farko bai kamata su zama na masu kuɗi kaɗai ba; haƙƙin tsohuwar da ke kai tafarnuwa kasuwa ne kafin ya zama na mai yawon buɗe ido.

Ga shugabannin ƙungiyarmu, shawarata ita ce a shirya mana fita zuwa Goronyo da rani, lokacin da ruwa ya kwanta. A tsaya Wurno a ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kowa ya sayi rigar kariya, in mun gama mu bar wa masu fito su. Kawu dai ya ce zai kai mu, amma mutum 6 a sawu, ko ɗaya ba zai ƙara ba.