Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Wani matashi mai sana'ar ɗaukar hoto a unguwar Limawa ta birnin Dutse ya yi makonni yana saƙa da warwara a kan kyamarar da zai saya. Shekara uku yana zubin adashi, mahaifiyarsa kuma ta sayar da tumakinta biyu ta cika masa, don ya huta da karɓar haya. Idan ya yi zaɓen tumun dare, ba shi da wani jarin da zai koma wa.

Irin kyamarar da yake nema ita ce marar madubi. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, Sony ya kawo mai cikakken allo a 2013, sannan Canon da Nikon suka fito da nasu a 2018. Allo shi ne ɗan faifan da ke karɓar haske a madadin fim. Cikakken yana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, wato girman hoton tsohon fim. Ƙaramin kuwa kimanin 24 ne da 16, bai kai rabin filin babban ba.

Kowanne da ranarsa. Babban allo ya fi tara haske, saboda haka hoton bikin dare kan fita garau, ga shi ya fi dusar da abin da ke bayan mutum har fuska ta fito fes. Sai dai shi da gilasansa akwai tsada da nauyi. Ƙaramin allo tsakiyar hoto yake yanka, don haka gilashi mai milimita 200 kan nuna abu kamar mai 300. Ranar hawan salla, idan dogarai suka kora jama'a baya, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Zuciyar matashin ta karkata ga babba, domin ita abokan sana'a ke ratayawa a yi ta kallonsu. Amma kuɗinsa iyakarsu gangar kyamarar da gilashi ɗaya. Sai ya tafi wurin tsohon maigidansa, wanda ya fara wanke fim tun kafin Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991.

Da suka gaisa, ya ce, "Baba, ina gudun in sayi ƙarama a raina ni."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ɗauko littafin da kake rubuta ayyukanka."

Suka bi shi shafi-shafi. Mafi yawa hoton fasfo ne, da suna, da saukar karatu, da ɗaurin aure a ƙofar gida, da hawan salla a Garu, duk da rana tsaka. Bukukuwan dare ba su taka kara sun karya ba.

Dattijon ya rufe littafin ya ce, "Ka taɓa jin amarya ta tambayi girman allo? Fuskarta take dubawa. Kuma kada ka manta, gilasan da ka tara su za su ɗaure ka ga kamfani ɗaya. Ka zaɓi wanda babbarsa da ƙaramarsa bakin gilashinsu ɗaya ne, ko Allah zai buɗa gaba."

Haka kuwa aka yi. Ya tafi Kano ya sayo mai ƙaramin allo, da gilashi biyu, da fitila, da batirin ajiya saboda ɗauke wuta. Bai ruɗi kansa ba: ya san a zauren biki mai duhu masu babban allo za su fi shi, sai ya rama da fitila da iya tsayuwa.

Hoton farko da ya ɗauka na mahaifiyarsa ne, tana zaune kusa da turken da babu tumaki. Ya rataye shi a shago, ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara sayen ko da murfin gilashi ba sai ya mayar mata da su.