Samanja da Jan Bironmu



Mu da muka tashi a Gafasa ba mu riski zamanin Samanja ba, a bakin iyayenmu muka san shi. Sukan ba mu labarin yadda ake kewaye rediyo guda a ƙofar gida a kamo tashar Kaduna. Ba wanda ke ganin fuskar mai magana, amma yana buɗe baki kowa ya san soja ya shigo, kuma yau ransa a ɓace yake. Sai daga baya muka ga guntayen wasanninsa na talabijin a waya.

Sunansa Usman Baba Pategi. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara. Ya yi aikin soja na gaske, ya kuma yi wasan kwaikwayo a Rediyon Kaduna da NTA Kaduna. Ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023. Allah Ya jiƙansa.

Jarinsa shi ne Hausar bariki, wadda sojoji daga ƙabilu daban-daban ke yi a tsakaninsu: a ce wa mace "ya", ƙ ta koma k, Turancin buroka ya kutso tsakiyar magana, ga tsawa. Malamin Hausa sifili zai ba ta. Amma da an gyara masa ita, da babu Samanja, sai wani bawan Allah sanye da kaki.

Abin da ya tuna mana da shi laifinmu ne. Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta kawo gajeren labari zaman ƙungiya. A ciki akwai tsohon soja mai gadi a Gaya, yana magana da barikanci. Muka ɗauki jan biro, mu masu ƙa'ida, muka mayar da kowace "ya" ta koma "ta", muka sa wa haruffa lanƙwasa. Wani ma har karin magana ya cusa wa tsohon a baki. Da aka karanta a bayyane, sai ga mai gadi yana magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Ta ce, "Yaya, wannan ba shi ba ne." Ta naɗe takardunta. Zama uku ke nan ba ta zo ba.

Muka koma muka duba namu rubuce-rubucen. Hakimi, ɗan acaɓa, amarya, Bafulatana mai nono, duk da baki ɗaya suke magana, wato namu. Kunya ta kama mu.

Ba muna cewa a watsar da ƙa'idar rubutu ba ne; mai ba da labari dole ya kiyaye ta. Kuma akwai tarko, don Hausar baƙo takan zama abin ba'a a hannun marubucin da bai zauna da shi ba. Samanja ya zauna a bariki. Ita ma ƙanwar tamu, ashe tsohon maƙwabcinsu ne.

Mun aika mata ta zo ranar Asabar da kwafinta na asali. Mun shirya ita za ta karanta, mu kuma mu juya mata baya mu saurara, kamar rediyo. Har yanzu ba ta ce za ta zo ba.