Motocin da Suka Ɗauke Ni

Mu da muka kama aikin gwamnati a tsakiyar shekarun 1970 mun zo a daidai lokacin da mota ta fara barin ƙofar sarakuna da manyan attajirai tana tsayawa a ƙofar malamin makaranta da akawu. Ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, shi ne ya buɗe hanya. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi babur, masu babban mataki kuma suka nufi wurin dillalan mota. A shekarar ce Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Ni a lokacin sabon malami ne a wata sakandare a Zariya, abin da ya zo hannuna bai wuce kuɗin keke da gyaran ɗaki ba. Amma na ga yadda gindin dalbejiyar da ke gaban ofishin malamai ya cika da motoci cikin 'yan watanni, na kuwa sa wa raina.

Sai a 1978 na samu tawa. Bitil ce fara, ta hannu, na saye ta wurin wani abokin aiki da aka yi wa canji zuwa Legas. Direban makaranta ne ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo bayan la'asar, dattijo mai haƙuri wanda ya fara aiki tun ana bin hannun hagu, kafin a koma dama a 1972. "Malam, saki kulochi a hankali, kada ka tsame ƙafa gaba ɗaya," haka yake ta maimaita mini har ƙafata ta gane. Bitil mota ce mai nata tsari. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, don haka ba ruwanka da yawo da jarkar ruwa. But ɗinta a gaba, tare da safaya da tankin mai. Batir kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya, ranar da za a duba ruwansa sai an ɗaga kujerar. In za ka yi ribas, sai ka danna sandar giya ƙasa tukuna, sannan ka jawo ta hagu da baya. Tun ina kwanar unguwa uwargida ke jin ƙararta ta ɗora ruwan wanka. Ƙofa biyu gare ta, da iyali suka fara yawa sai shiga da fita ya zama aiki, musamman ga Inna da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Wannan ne ya raba mu.

A 1982 na samu rancen mota a wurin aiki, na haɗa da kuɗin Bitil, na sayi Fijo 504 sabuwa dal, da ledarta a kan kujeru. Matasan yanzu in na faɗi haka sai su yi mini kallon mai ƙarin gishiri. To, a lokacin naira ta fi dala daraja, kuma motar a Kaduna aka haɗa ta. Ita ce motar ofis ta gwamnati tun zamanin Obasanjo na soja, da aka ce manyan ma'aikata su rage almubazzaranci. Irin motar da babban sakatare ke shiga, ita malamin sakandare ya ajiye a ƙofar gidan haya. Ranar da na kawo ta, maƙwabta suka fito ana ta "Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya tsare hanya." Inna ta zagaya ta, ta shafa bonet da tafin hannu, ta ce, "Ka fitar da sadaka kafin ka fita da ita ko'ina." Na fitar.

Duk wanda ya riƙe 504 ya san abin da zan faɗa. Tana da tashi daga ƙasa, ƙafafunta na da laushi, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Hanyar ƙauyenmu ta burji ce, da rani gargada da yashi, da damina kuwa ruwa kan yanke ta a wurare. Sai in sa giya biyu, in riƙe totur daidai, ta ratsa taɓon tana ɗan karkaɗa baya har mu hau tudu. Ba banza ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 ba. Bayan kaka nakan loda buhunan masara da dawa a but, yara su cika baya, wani lokaci har da kaji a kwando a ƙarƙashin ƙafarsu, kuma ta kawo mu Zariya ba tare da ta nuna gajiya ba.

Sunana ne a takardunta, amma motar ta unguwa ce. Ita ke ɗauko amarya, ita ke kai maniyyata filin jirgin Kano ta kuma je tarbarsu, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa Funtuwa ko Malumfashi cike da dattawa. Babu wayar hannu a lokacin, ƙofa ake bugawa. Wani dare cikin hunturu maƙwabcina ya buga mini ƙofa wajen ƙarfe biyu. "Malam, ka yi haƙuri, iyali ce ba lafiya, abin ya zo da gardama." Na zura jallabiya, na ja cok, na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya duk da sanyin. Mata biyu suka riƙe mai naƙudar a baya, mijin yana gaba yana ta salati ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina kauce wa ramuka da hasken fitila cikin hazo. Kafin assalatu aka sauka lafiya, namiji. Yaron nan yau magidanci ne da nasa 'ya'yan, har gobe in ya gan ni sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" Ba ni na yi wani abin kirki ba, motar ce ke nan a lokacin da ake bukatarta, kuma a unguwa irin tamu mai mota ya san da wannan nauyin ya saye ta.

Bakanikena ma yana cikin labarin. Ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro yake aiki, kayan aikinsa duka cikin akwatin ƙarfe ɗaya. In na kawo ta, ba ya tambayata komai sai ya ce, "Malam, tayar mu ji." Ya karkata kai, ya saurara, ya ce kontak ne ko fulogi. Sai ya buɗe distirbuta, ya goge kontak ɗin da 'yar takardar yashi, ya daidaita tazararsa da ido. In kafireta ce ta toshe, ya kwance ta a kan tsumma, ya wanke da fetur, ya kai ɗan jet ɗin baki ya hura, ya ɗaga shi sama ya leƙa ko haske na fitowa. A wurinsa na koyi canja fanbel da duba baƙin mai da zuƙo fetur da tiyo. Kayan gyara kuwa ba su da wuya, in babu a Zariya akwai a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kuma duk ƙauyen da ta tsaya maka, za a samu wanda ya san Fijo, domin wagon ɗinta ce motar haya tsakanin garuruwa, akori-kurarta kuma ita ke cin kasuwannin ƙauye. Wani ɗalibina da ya gama makarantar koyon sana'a ya samu aiki a Kakuri, ya taɓa ce mini da alfahari, "Malam, wataƙila da hannuna na ɗaura ƙofar nan." Na ji daɗin maganar ƙwarai.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Babangida, aka karya darajar naira. Cikin 'yan shekaru sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, ta tafi ba ta dawo ba. Wanda ke da mota sai ya rungume ta. Aka sauke injin tawa aka canja ring, aka sake mata fenti, aka ɗinka wa kujeru sabuwar riga. Sannan ga wahalar mai ta shekarun 1990. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan kusa da mu, amma mu kwana muke yi a layi. Mutum ya zo da tabarma da buta, a yi jam'in magariba da isha a gefen titi tsakanin motoci, da an ji tankar mai ta iso a tashi ana tura motoci da hannu don kada ɗan abin da ya rage a tanki ya ƙone. Wanda ya gaji ya koma wurin 'yan bumburutu, wani galan ɗin an gauraya shi da kananzir, inji ya yi ta tari yana hayaƙi. Wannan abu ya ci mini rai, har yau ban daina jin zafinsa ba: ƙasa mai arzikin mai, magidanta da furfura suna kwana a titi saboda 'yan litoci.

A 2001 na sayar da ita ga wani direba mai jigilar 'yan kasuwar ƙauye. Na sayi Honda Accord 'yar Kwatano, wadda ake kira Hala. Mota ce mai daɗi, ba ƙara, ga sanyin esi, ga tattalin mai, a kan tagwayen hanyar Kaduna zuwa Kano sai ka ji kamar a kan katifa kake. Amma ta yi ƙasa, an yi ta ne don kwalta, da damina sai in ajiye ta a bakin titi in hau babur zuwa ƙauye. Ranar da nake share ta, na tsinci wani ɗan faifan roba mai kaifin baki a aljihun ƙofa. Sai daga baya wani da ya yi karatu a Turai ya ce mini da shi ake kankare ƙanƙara daga gilashi da safe. Na daɗe riƙe da shi. Wani can ya saye ta sabuwa, ya more ta shekara da shekaru, ya gaji, sannan aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta biyo ta Nijar ta iso hannuna, ni kuma ina murna na yi sabuwar mota. Mutumin da ya yage leda da hannunsa a 1982 ya koma sayen gwanjo, kuma ba ni kaɗai ba, duk sa'o'ina haka muka koma. A 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna.

Da na yi ritaya a 2010, na cire wani abu daga kuɗin sallama na sayi Toyota Corolla, ita ma ta hannu, mai canja giya da kanta, saboda gwiwar hagu ta fara ƙin kulochi. Ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, ba ta cika kai ni gareji ba. Sai dai in na buɗe bonet, roba ce ta rufe komai, ba abin da hannuna zai iya. Tsohon bakanikena ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da wurin. In wata fitila ta kama a gaban sitiyari, sai ya jona 'yar na'ura a ƙarƙashinsa ya karanta, ya ce, "Baba, sensa ce, sai an sayo wata." Yaro ne mai gaskiya kuma ya iya aikinsa, amma yanzu canjawa ake yi, an bar gyarawa.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, motar ta fi zama a gida. Kasuwa da masallacin Juma'a a-daidaita-sahu nake hawa, fansho ba zai ɗauki cika tanki ba. Na ji an sake fara haɗa Fijo a Kaduna a 2022 da hannun jarin Ɗangote, ina kuma fatan abin ya ɗore, ya kai inda ma'aikaci zai iya tunkara. Ɗana na biyu malamin sakandare ne, ya haura shekara goma yana koyarwa, matakinsa ya wuce wanda nake kai lokacin da na sayi 504, amma babur ɗin da yake hawa ma da adashi ya saye shi. In matarsa za ta je awo ko yaro ya kwana da zazzaɓi, sai ya zo da sassafe ya gaishe ni, ya ɗauki makulli, ya zuba lita biyar, ya dawo mini da ita kafin azahar.