A Ɗauki Hoton Uwa, A Ajiye Shi A Gida

Wata sabuwar al'ada ta shigo manyan garuruwan ƙasar nan, kuma ga dukkan alamu zama ta zo yi. Duk wanda ya leƙa lambun Millennium Park a Abuja, ko bakin tafkin Jabi, ran Asabar ko Lahadi da la'asar sakaliya, da wuya ya fita bai ci karo da mai hoto durƙushe da kyamararsa ba, a gabansa kuwa ga magidanci da uwargida da 'ya'yansu sun sha anko, ana ce musu su matso su yi murmushi. Wani lokaci matar tana ɗauke da tsohon ciki, ta tallafe shi da hannu biyu, mijin yana tsaye a bayanta. Wani lokaci kuma jariri ne wanda ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba, an naɗe shi an kwantar cikin kwando bisa ciyawa. Kafin a kira isha hotunan sun hau Instagram da Facebook, dangi da bare suna ta barka.

Dattawanmu in sun ga haka sai su riƙe baki, su ce kunya ta ƙare a duniya. Samari da 'yan mata kuwa su ce ai zamani riga ne. A ɗakin labaran da nake aiki mun sha kwashe awa guda muna wannan gardama bayan an kammala shafi, ba wanda ya taɓa ka da wani. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, ɓangarorin nan biyu duk sun haɗa abubuwa biyu sun ɗaure da igiya ɗaya, watau ɗaukar hoto da baza shi a bainar jama'a. A ganina na farkon hakki ne na 'ya'yanmu a kanmu, na biyun ne wurin da ya kamata a taka a hankali.

Da farko dai, ɗaukar hoton iyali a fili ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, yana ɗaukar sarakuna da iyalansu, ya kuwa rasu a 1905. A Benin, Solomon Osagie Alonge ya buɗe gidan hotonsa a 1942. Can a Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe nasa a 1948, kuma yawancin hotunan da suka ɗaukaka sunansa a tsakar gidansa ya ɗauke su, da hasken rana, ya rataya ƙyalle a bango, ya ara wa mutane rediyo ko agogo ko babur su tsaya da shi. Mu ma da muka taso a wajejen 1990 mun riski mai hoto na unguwa, wanda ke zuwa a kan keke ranar Sallah ko ranar suna. Ɗakunan iyayenmu ba su da haske, saboda haka sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ko a gindin darbejiya, a jera mu, ya ƙyasta sau ɗaya ya tafi. Fim ɗinsa hoto 36 yake ɗauka, in bai cika ba ba za a wanke ba, don haka mukan yi sati biyu muna jira.

Abin da yake sabo shi ne fito da ciki. Su kansu Turawa ba su daɗe da farawa ba. A watan Agusta na 1991 mujallar Vanity Fair ta Amurka ta buga hoton 'yar wasa Demi Moore a bangonta tana da cikin wata bakwai, wanda Annie Leibovitz ta ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har wasu kantuna suka ƙi sayar da mujallar sai a lulluɓe. Shekara 26 bayan haka, a watan Fabrairu na 2017, mawaƙiya Beyoncé ta sanar da cikin tagwayenta da hoto a Instagram, miliyoyin mutane suka yaba cikin yini guda. Daga irin waɗannan ne abin ya zama sana'a, ya ratsa teku ya iso Ikko da Abuja, yanzu ga shi yana leƙa Kaduna da Kano.

To, mu Hausawa ciki a wurinmu abin sayawa ne. Ko sunansa ba ma son kamawa, sai mu ce wance tana da juna biyu, in ta haihu mu ce ta sauka. Mai cikin fari takan ɓoye shi har ga mahaifiyarta, sai ido ya gani, sa'an nan a zo a ɗauke ta zuwa goyon ciki. Bayan haihuwa ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ta kama sunan ɗanta ko ta yi masa wasa a gaban mutane. Akwai tsoron kambun baka a ciki, akwai kuma sanin cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya ɗaya tana lahira, ba a yi mata guɗa tun ba ta sauka ba, sai dai a ce Allah ya raba lafiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba ni kuwa cikin masu son a yar da ita.

Amma fa kunyar nan ta ci mana wani abu, kuma duk mai shakka ya je ya buɗe akwatin hotunan gidansu ya ƙidaya. A namu gidan hotunan mahaifinmu sun fi ashirin: ga shi da kekensa, ga shi da abokan aikinsa, ga shi ranar da ya dawo daga Makka. Na mahaifiyarmu uku ne tak, biyu ma daga ciki na fasfo ne. Ta haifi takwas, babu hoto ko ɗaya da take rungume da ɗayanmu. In mai hoto ya zo ranar suna, kaka ce ke riƙe jariri, ko gwaggo, ita kuwa mai jego tana ƙuryar ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mu dai Allah ya bar mana tamu, muna ganinta kullum. Amma akwai ɗan ƙanen mahaifina, sa'ana ne, nono ɗaya muka sha, domin mahaifiyarsa ta rasu ran da ta haife shi. Da zai yi aure sai ya shiga bin dangi gida gida, har ƙauyen kakanninsa na wajen uwa, yana neman hotonta. Abin da ya samo shi ne hoton wani biki, mata wajen goma sha biyar a jere, ita tana can gefe, rabin fuskarta cikin gyale. Ya kai aka ƙara masa girmansa, sai fuskar ta watse ta zama inuwa. Da aka haifa masa 'ya mace tsofaffi suka ce ga uwarka nan ta dawo, har goshin. Aka sa mata sunanta, muna kiranta Ummi. Shi kuwa sai dai ya karɓi maganarsu, don ba shi da abin da zai gwada ya gani.

Irinsa suna da yawa ƙwarai a ƙasar nan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata 287,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 82,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Maganin wannan yana wajen awon ciki da asibiti da ƙwararrun ungozoma, hoto ba ya hana mutuwa. Sai dai kuma yaron da ya tashi babu uwa yana da hakkin ya san fuskar wadda ta ɗauke shi wata tara, wannan kuwa ba ya bukatar kasafin kuɗin gwamnati.

Shi ya sa da matata ta shiga wata na takwas na cikin ɗanmu na fari na roƙe ta a ɗauke ta hoto. Ta ce ita ba za ta tsaya gaban wani ƙato a lambu ba, na ce ba wanda ya ce a je lambu. Ƙanwarta ce ta ɗauka, a tsakar gidan iyayensu bayan la'asar, tana zaune a kujera 'yar tsugunno da atamfarta da mayafinta, mahaifiyarta tana gefe tana tsince shinkafa. Aka wanke biyu, ɗaya yana cikin akwatinta, ɗaya yana nawa. Babu wanda ya gani sai wanda muka nuna wa, kunyarta kuma ba ta ragu da komai ba.

Batun jariri kuwa ya wuce na kunya, ya shiga na lafiya. Masu wannan sana'a sun fi son a kawo musu jariri cikin sati biyu na farko, saboda a lokacin ya fi barci, kuma yana lanƙwasuwa yadda aka sa shi. Amma a daidai wannan lokaci ne ya fi rauni. Jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna, sanyi kaɗan ya kama shi, zafi kaɗan ya galabaitar da shi. Likitoci sun ce kada a bar yaron da bai kai wata shida ba cikin rana kai tsaye. Ga ƙurar hunturu, ga sauro da yamma a wuraren ciyawa da bakin ruwa. Wuyansa ma ba ya ɗaukar kansa sai ya yi watanni. Hoton nan da ake gani na jariri ya zuba tagumi shi kaɗai, hoto biyu ne aka haɗa a kwamfuta: akwai hannun babba da ke riƙe da kansa, daga baya aka goge hannun. Wanda bai san haka ba ya ce zai gwada a gida, wasa yake yi da ran ɗansa.

A nan kakanninmu sun riga mu hango abin. Kwana arba'in ɗin da mai jego ke yi a gida tana wanka tana shan kunun kanwa kafin ta fita yawon arba'in, ya zo kusan daidai da sati shida da ake mayar da jariri asibiti a yi masa allurar rigakafi zagaye na biyu. Wanda ke son hoton ɗansa yana ɗanyen goyo, sai a ɗauka a bakin ƙofa ko kusa da taga, yana hannun uwarsa. Lambu ba zai gudu ba. In lokacin fita ya yi, a zaɓi hantsi ko bayan la'asar, a tsaya a inuwa, domin ranar tsaka tana sa a runtse ido, tana kuma zuba duhu a ƙarƙashin gira.

Saura maganar bazawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoton da ya hau intanet ya fi ta wuyar mayarwa. Ko ka goge naka, ba ka san mutum nawa suka kwafa ba. Yau akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar mace su ɗora a jikin da ba nata ba. Iyaye kuma sukan haɗa hoton da cikakken sunan yaro da ranar haihuwarsa da asibitin da aka haife shi, su miƙa wa duniya abin da ɗan damfara ke wahalar nema. Shi kuwa yaron ba a shawarce shi ba, sai ya girma ya tarar da kansa tsirara cikin kwando a wayar abokan karatunsa. A Faransa har doka aka yi a watan Fabrairu na 2024, wadda ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Mu ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko waliyyi za a yi amfani da bayanan yaro. Saboda haka kafin mai hoto ya ƙyasta, a yi magana da shi a fili: hoton na masu shi ne, ba zai yi tallar shagonsa da matar wani ko ɗan wani ba sai an ba shi izini. Inda aka sami mace mai wannan sana'a, ga su kuwa suna ƙaruwa, ita ta fi dacewa da aikin mata.

Abin mamaki kuma, mu da muka fi kowane zamani ɗaukar hoto muna iya zama waɗanda za su fi barin 'ya'yansu hannu rabbana. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta, aka daina zuwa wanki, har kamfanin Kodak ya durƙushe a 2012. Yanzu hoto dubu yana cikin waya ɗaya, ran da aka fizge ta a tasha ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Seydou Keïta kuwa ya adana dodon hotunansa cikin akwati shekara da shekaru, shi ya sa da aka neme shi bayan an nuna wasu daga ciki a New York a 1991, aka tarar da fuskokin mutanen Bamako dubbai suna nan daram.

Kirana ga magidanta shi ne, kada a jira ranar biki, kada kuma a ci bashi don gasar anko. A zaunar da uwar yara da goyonta a inuwar gida a ɗauke su. A kira kaka ita ma ta zauna tun tana da rai. A kai a wanke, a juya baya a rubuta sunan kowa da gari da shekara, a sa cikin leda a ajiye inda ake ajiye takardar gida. Wanda ya cancanci gani a nuna masa hannu da hannu, sauran duniya kuwa ta yi haƙuri. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da aka samu.