Daren da aka bar Pedro a fili

A Boston na fara ganin manya masu furfura suna tada jijiyar wuya a kan yawan jifan da hannun mutum zai iya yi kafin ya mutu. A shekarar 2003 ina aiki a wani gidan ajiye motoci da ba shi da nisa da Fenway Park, filin ƙungiyar Red Sox da aka buɗe tun 1912. Ƙwallon ƙafa na sani tun daga gida, besbol kuwa a nan na tarar da shi. Amma duk wanda zai wuni a ɗan ɗakin karɓar kuɗin nan, rediyo na kunne daga safe har dare, magoya baya suna bugo waya suna zagin koci, dole ya iya wasan ko bai so ba.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, tsarin a taƙaice shi ne: zango tara ake yi, a kowane zango kowace ƙungiya za ta yi bugu har sai an fitar mata da mutum uku. Mutum ɗaya ne ke tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jifa, rabin wasan a hannunsa yake. Idan koci ya cire shi, ba ya dawowa a wannan wasan. Saboda haka babu shawarar da ta kai wannan nauyi a wuyan koci: yaushe zai taka zuwa tudun ya karɓi ƙwallo daga hannun gwaninsa ya miƙa wa wani.

Mu huɗu ne muka fi haɗuwa a aikin dare. Akwai wani dattijo, asalin kakanninsa daga Ailan, wanda nake kira Baba, shi kuma ya karɓi sunan har ya saba. Akwai wani ɗan Jamhuriyar Dominika mai jera motoci, wanda a wurinsa bayan iyayensa babu kamar Pedro Martinez, ɗan ƙasarsu, gwanin mai jifa na Red Sox. Sai wani ɗalibi mai karatun lissafi da ke zuwa da jaka cike da takardun ƙididdigar 'yan wasa. Ni ne ɗan koyo, kuma kowannensu yana son ya mai da ni almajirinsa.

Ba za a gane zafin gardamarsu ba sai an san ciwon garin. A lokacin, rabon Red Sox da kofin World Series tun 1918. Bayan nan suka sayar da Babe Ruth ga New York Yankees, Yankees ta yi ta kwasar kofuna, su kuma suka kai wasan ƙarshe a 1946 da 1967 da 1975 da 1986, kowane karo aka doke su a wasa na bakwai. Mutanen gari da yawa suna cewa la'ana ce ta bi su. Baba ya ga uku na ƙarshen da girmansa, kuma idan ya zo kan 1986, daren da ƙwallo ta bi tsakanin ƙafafun Bill Buckner, muryarsa takan canza.

A 2002 John Henry da abokansa suka sayi ƙungiyar, suka zo da sabon tunani. Suka ɗauki Bill James, mutumin da ya yi shekaru yana rubutu cewa ƙididdiga ta fi idon tsofaffin 'yan wasa gaskiya, suka kuma naɗa Theo Epstein babban manaja yana da shekara 28. A 2003 littafin Moneyball na Michael Lewis ya fito, kan yadda Oakland ke cin wasanni da kuɗi kaɗan ta hanyar lissafi. Ɗalibinmu kusan haddace shi ya yi. Koci kuwa, Grady Little, mutumin tsohon yayi ne da ya daɗe yana horar da ƙananan ƙungiyoyi, mai sanyin magana, 'yan wasa na ƙaunarsa. Da zuciya da ido yake aiki, na sama da shi kuma da takarda.

Tun wasan farko na kakar aka fara rigima. Sababbin shugabannin sun ce ba sai an ware mutum ɗaya mai rufe wasa a zangon ƙarshe ba, a riƙa sa duk wanda ya dace da lokacin. A wasan nan da Tampa Bay, Pedro ya yi aikinsa ya sauka, Boston na gaba da 4-1 har zango na tara, 'yan canji suka zubar, aka tashi 6-4. Washegari Baba ya shigo yana kaɗa jarida a fuskar ɗalibin: "Yaro, ga lissafinku nan. Kwamfuta ta taɓa tsayawa a kan tudu mutum dubu talatin suna mata ihu?" Ɗalibin ya ce wasa ɗaya ne cikin 162, ba a yanke hukunci da shi. Haka suka ci gaba har kaka ta ƙare, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Abin da ya canza shi ne 'yan canjin kansu. An sayo wasu a tsakiyar shekara, aka daidaita aikin kowa, kafin Oktoba Mike Timlin da Alan Embree da Scott Williamson sun zama abin dogaro. Timlin ma ba a ci shi ko maki ɗaya ba a wasannin bayan kaka na wannan shekarar.

Boston ta fitar da Oakland bayan an fara cin ta wasa biyu, ta haɗu da Yankees, wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai ya wuce World Series. Karawar ta yi zafi ƙwarai. A wasa na uku a Fenway har dambe ya ɓarke, Pedro ya kayar da Don Zimmer, mataimakin kocin Yankees mai shekara 72, da ya yo kansa a guje. Aka yi uku da uku, sai wasa na bakwai a New York ranar 16 ga Oktoba.

Da yake ba a gida ake wasan ba, motoci kaɗan ne a wurinmu. Muka ɗora ƙaramin talabijin a kan tebur, wasu direbobin tasi suka tsaya a bakin taga suna leƙe. Farkon dare kamar mafarki. Trot Nixon da Kevin Millar suka tsallakar da ƙwallo bayan katanga, Boston ta kai 4-0, aka cire mai jifan Yankees, Roger Clemens, tun a zango na huɗu. Jason Giambi ya rama biyu, ɗaya bayan ɗaya, amma Pedro ya riƙe. A zango na bakwai ne ya fara shan wuya, an yi masa bugu a jere kafin ya fitar da Alfonso Soriano ya rufe zangon. Ya sauko daga tudu ya nuna sama da yatsa, abokansa suka riƙa rungumarsa a benci. Duk wanda ya saba kallonsa ya san alamar ya gama aikin ranar ce. Jifansa ya kai 100.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba tun Afrilu. Baba ya ce, "Ya isa haka, ƙwallonsa ta fara tashi sama, ya gaji." Ɗalibin ya ce takardunsa sun nuna da zarar Pedro ya haura jifa ɗari da 'yan kai, ana bugunsa kamar kowane mai jifa, musamman tun ciwon kafaɗar da ya yi a 2001. Mutum biyu da suka yi wata shida ba su yarda da juna a kan komai ba, sai ga shi sun tsaya a wuri ɗaya, kowa ta hanyarsa. Ɗan Dominika kaɗai ya ƙi. Ya ce mutumin da ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa sau uku ba a karɓar ƙwallo a hannunsa a dare irin wannan, in faɗuwa za a yi gara a faɗi da gwanin gwanaye.

David Ortiz ya ƙara ɗaya a farkon zango na takwas, 5-2. Sai ga Pedro ya sake fitowa. Ya fitar da mutum na farko, saura biyar Boston ta je World Series. Derek Jeter ya buga ta wuce kan Nixon, Bernie Williams ya kawo shi gida, 5-3. Little ya fito daga benci yana takawa a hankali zuwa tudu. Mai bugu na gaba Hideki Matsui ne, bahago, kuma Embree bahagon mai jifa ya riga ya ɗumama hannu yana jira. Baba ya miƙe tsaye yana cewa madalla. Little ya yi magana da Pedro na ɗan lokaci, ya dafa shi, ya juyo shi kaɗai ba ƙwallo a hannunsa.

Ihun da Baba ya yi a lokacin har yau ina jinsa. Direbobin da ke taga suka kaure da zagi. Matsui ya buga, mutum biyu suka tsaya a tasha ta biyu da ta uku. Jorge Posada ya yi wani bugu marar ƙarfi, ƙwallon ta sauka a tsakiyar 'yan Boston uku ba wanda ya kai gare ta, 5-5. Sai a sannan Little ya karɓi ƙwallo, bayan jifa 123. Embree da Timlin suka shigo suka tsayar da ɓarnar, abin da ya ƙara wa mutane takaici. Mariano Rivera ya rufe Boston zango uku cur. Bayan sha biyun dare, a zango na 11, Aaron Boone ya tsallakar da jifan farko na Tim Wakefield bayan katanga, aka tashi 6-5. Baba ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Na zaci tunda sun haɗu a daren, gardamar ta mutu. Ashe sabuwa ce za ta tashi, kuma ta fi ta farko tsami: a kori Little ko a bar shi? Ɗalibin ya ce a kore shi tun kafin gari ya waye, domin an ba shi ƙididdigar a hannu ya ƙi amfani da ita, kuma wanda ya ƙi sau ɗaya zai sake. Baba, wanda ya fi kowa ihu, shi ne ya tsaya wa kocin. Ya ce mutumin nan ya ci wasa 93 a 2002 da 95 a 2003, ya riƙe ɗakin da ke cike da masu girman kai irin Manny Ramirez ba tare da ya tarwatse ba, wannan aikin kuma babu takardar da ke auna shi. "Ɗana," ya ce mini, "in an kori kowa saboda dare ɗaya, wa zai rage a garin nan?" Ɗan Dominika kuwa ya dage cewa ba a yi kuskure ba sam, da ƙwallon Posada ta matsa taku biyu da yanzu ana kiran Little jarumi. Ya fi jin zafin masu cewa Pedro ya gaza, musamman da Pedro ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin a kansa. Sai da ya yi kwanaki ba ya cin abinci tare da ɗalibin.

Ranar 27 ga Oktoba, ana shiga azumi, ƙungiyar ta sanar ba za ta sabunta kwantiragin Little ba. Aka ɗauko Terry Francona, mutumin da ke karanta ƙididdiga kuma ya iya zama da 'yan wasa. Shekara ta zagayo, Yankees ta ci su uku a jere, suka rama huɗu a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, sannan suka share St. Louis Cardinals suka ɗauki kofin bayan shekara 86. Ɗalibin ya ce gaskiyarsa ta fito. Baba ya ce Curt Schilling da Keith Foulke da aka sayo ne suka kawo bambanci, ba canjin koci ba.

Maganar ɗan Dominika tana da ƙarfi, domin magoya baya da sakamako suke yin shari'a. A 2020 na kalli akasin wannan dare. A wasa na shida na World Series, Blake Snell na Tampa Bay yana kan ganiyarsa, ya fitar da mutum tara da jifa, jifansa 73 kacal, suna gaba da 1-0, sai koci Kevin Cash ya cire shi a zango na shida saboda ƙididdiga ta ce masu bugu kan gane mai jifa idan suka haɗu da shi karo na uku. Los Angeles Dodgers suka ci 3-1 suka ɗauki kofi, aka yi wa Cash irin ruwan zagin da aka yi wa Little. Wannan ya bi takarda ya bar idonsa, an zage shi. Wancan ya bar takarda, an zage shi.

Duk da haka ban yarda laifinsu ɗaya ba ne. Cash yana da hujja ɗaya a hannu, ya fifita ta a kan wata. Little kuwa ido da lissafi duk sun gaya masa abu guda, tsoho a ɗakin ajiye motoci ya gani a ƙaramin talabijin, amma ya taka har tudu ya tambayi mutumin da bai kamata a tambaya ba. Ɗan dambe ba ya cewa ya gaji a gaban makaɗa da 'yan kallo, ubangidansa ne ke shiga ya janye shi, ya ɗauki ɓacin ransa. Pedro ba zai taɓa cewa a cire shi ba a filin Yankees, a wasa na bakwai, kuma Little ya fi kowa sanin haka. Shawarar da ake biyansa albashi domin ita, ya ɗora ta a kan gajiyayyen mutum mai zuciya. Ina tare da Baba cewa Little mutumin kirki ne kuma ya yi wa Boston aiki, amma a kan sallamarsa ɗalibin ne ke da gaskiya.